Ludayin Madugu

Sa'adiyya ta dawo Maiurno da jaka ɗaya,
jami'a a rufe, Hartum tana hayaƙi.
Ƙarƙashin mayafanta akwai ɗan littafi,
Kundin Tsarin Mulki, gefensa duk ya naɗe.

Ta ce, Kaka, malamanmu sun ce saiwarsa na nesa:
Girkawa masu gardama a tsakar kasuwa,
da wani sarkin Turawa da hakimansa suka ritsa
har ya buga hatimi yana cizon yatsa.
Wani malamin ya ce a'a, a duba Madina,
takardar da ta haɗa baƙo da ɗan gari.

Na ce ban musa ba, ni dai ban je Girka ba.
Ɗauko mini abin da ke rataye bayan ƙyaure.

Ludayi ne, ya yi baƙi don tsufa,
gyartai ya ɗinke shi har sau biyu.

Da kakanninmu suka ɗauko hanyar gabas da ƙafa,
mutum saba'in, da jakuna, da niyyar Makka,
sun zauna bakin wata rijiya a ƙasar Wadai
suka ɗora wa Jatau madugantaka,
ba don gidansu ba, don ya san taurari
kuma yana jin ƙanshin ruwa tun daga nesa.
Ba alƙalami, ba tawada. Magana ce kawai:
ludayi ɗaya ga kowa,
mai jaki goma da mai sanda tsirara,
madugu kuma shi ne ƙarshen sha.

Bayan Fashir salka biyu suka fashe.
Ɗan Jatau na kwance, zazzaɓi na gasa shi.
Cikin dare uban ya lallaɓa ya ɗebi na biyu.
Tabawa mai kanwa ba ta yi barci ba.

Da asuba ba ta ɗaga murya ba.
Ta kife ludayin a kan rairayi
ta zauna kusa da shi, ta ƙi tashi.
Jatau na da takobi, da ƙarti shida na gidansa,
kuma in babu shi wa ya san rijiya ta gaba?
Ki tsaya nan, Sa'adiyya. Duk littafinki
a wannan safiyar yake rataye.

Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Sannan ya ajiye sandar gaba,
ya koma baya cikin masu kora jakuna,
daga can yake nuna hanya in an tambaye shi.
Yaron kuwa, kowa ya rage masa kurɓi a rabonsa.
Abin da aka sata da dare
da an roƙa da rana, da an bayar ninki.

Shekara talatin da ɗoriya ina buɗe ƙofar ruwa
ga gonakin auduga, kowa da ranarsa.
Na sha jin badujala a rediyo kafin fitowar rana,
na san me take nufi: an mai da littafi aljihun tebur,
za a rubuto wani, na wucin gadi.
Kuma rubutun kan yi kyau, wallahi yakan yi.
Tawada ba ta taɓa yanke mana ba.
Masu kife ludayi ma muna da su,
na ga hotunansu a bangon gidaje.
Wanda zai ajiye sanda yana da takobi a kugu,
shi ne har yau ake jiran ayarinsa.

Ta ce, Kaka, haka aka yi, ko kai ka ƙaga?
Na ce haka na ji. Ga dai ludayin.

Ta tsoma shi a randa. Yana ɗiga ta ɗinkin.
Na miƙa hannu, ta janye,
ta ba ƙanenta, ta ba uwarta, ta sha,
ta ce, kai ne babba a gidan nan,
sai ka jira.